Amsoshin Tambayoyinku: Rauta, Ramin Haɗi da Bakin Jabu

Tambaya daga Zariya: Ban daɗe da samun 'yanci daga wurin ogana ba, sai ga aikin ƙofofi shida na madaci. Fafe ramin haɗi da cizal na cinye min yini, kuma ramukan ba sa zuwa daidai. Ina da rauta, injin nan na lantarki mai fafe katako. An ce in yi odar jig daga waje, ga jarina kaɗan ne. Ina tsoron jin kunya.

Amsa: Kwantar da hankalinka ƙanena, Allah ya sa wa sana'a albarka. Kada ka taɓa jarinka. Jig katako ne kawai da ke hana rauta kauce hanya, kuma da hannunka za ka haɗa shi. Samu filawud mai kaurin milimita 12, ka yanka tsaga a tsakiyarsa. A ƙasansa ka ɗaure miƙaƙƙen katako da sukuru, wanda zai jingina da fuskar aikin. A gindin rauta kuma ka sa zoben ƙarfen nan da baki, wato ƙarfen da ke yanka katakon, ke bi ta cikinsa, shi zai riƙa bin tsagar. Ka tabbatar wuyan zoben bai kai kaurin filawud ɗin ba.

Faɗin rami kashi ɗaya cikin uku ne na kaurin katako. Ƙofa mai milimita 40 tana son baki mai 12. In zobenka 20 ne, faɗin tsaga 20, tsawonta kuma tsawon rami da ƙarin 8, wato bambancin zobe da baki: ramin 60, tsagar 68. Kaurin filawud yana cinye tsawon baki, ka lissafa shi kafin ka saya. Ka matse jig da kilam biyu, ka riƙa sauka milimita 5 a kowane zagaye, kana share garin katako. Ka sa wa fuska ɗaya alama a kowane katako, kullum ta nan za ka jingina jig, in ba haka ba haɗin zai yi tudu. Rami ake fara yi, sannan a gyara harshe, wato ƙarshen ɗayan katakon, ya shige shi, a bar milimita 2 a ƙasa saboda gam. Ƙarshen ramin zai fito a zagaye. Ko ka daidaita kusurwa da cizal, ko ka goge gefen harshen. Ka fara gwadawa a guntun katako.

Tambaya daga Kano: Na sayi akwatin bakuna goma sha biyu da araha. Suna ƙona katako, ɗaya ma ya zame ya huda aikin. Rautar ce ta lalace?

Amsa: Malam, rautarka lafiyarta ƙalau. Araha ce ba ta ado. Ta yaya bakuna goma sha biyu za su yi kuɗin baki ɗaya na gaske? An shafa musu fenti, an buga sunan Makita ko Bosch a kwali, kai kuma ka miƙa kuɗi. Ƙarfen yankan jabu siriri ne, liƙin da aka yi masa ba ya jure zafi. Rami biyu a madaci ko iroko ya dakushe, sai hayaƙi da baƙin tabo, kuma gam ba ya kama ƙonannen katako da kyau. Wannan asarar kuɗi ce kawai. Abin da ke tayar min da hankali shi ne injin da ke juyawa sama da sau 20,000 a minti, in ƙarfen nan ya ɓalle, ido ko cikin yaron shago zai nufa.

Zamewar kuwa, duba awo. Akwai ƙafar baki mai milimita 6, akwai mai kwatan inci, wato 6.35. Akwai 12, akwai rabin inci, wato 12.7. A ido ɗaya suke, mai shago ma zai ce maka duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Ka sa mai 12 a mariƙin baki na rabin inci, duk ƙarfin da ka ɗaure sai ya sulluɓe. Ka tafi kasuwa da mariƙin rautarka a aljihu, ka gwada a gabansa. Ka sayi baki ɗaya tak mai kyau, mai murɗaɗɗen yanka da ke fito da gari sama, ka karɓi rasit. Tabarau kuma dole ne, kai da yaranka.

Tambaya daga Kaduna: Ba zan iya nutsa baki gaba ɗaya a zagaye guda ba, in huta?

Amsa: A'a. Za ka karya baki ka ƙona inji. Gaggawar me kake yi?

Tambaya daga Maraɗi: Na ga rauta 'yar gwanjo daga Amurka, in saya?

Amsa: Karanta farantin jikinta tukuna. In an rubuta 110 ko 120, wutarmu 220 zuwa 230 ce, kana jona ta za ta ƙone sai da taransifoma mai ɗaukar nauyinta. Ka duba gawayinta, wato ƙananan burushin da ke cikin injin, ka girgiza sandar da ke juya baki ka ji ko tana wasa, ka danna ka ga tana nutsewa tana dawowa sumul. Babbar rauta na jan wat 1,500 zuwa sama, ƙaramin janareta ba zai ɗauke ta ba.