Albam ko littafi mai aljihuna: ina zan ajiye kan sarkin da na gada?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mana gwangwanin biskit biyu cike da kan sarki. Akwai na Najeriya tun zamanin Turawa, akwai na Nijar, da na Ghana da Sudan da Saudiyya. Wasu a sake suke, wasu na manne a jikin ambulan, wasu kuma sababbi ne fil, ba a taɓa liƙa su ba. Ina so in adana su in kuma ci gaba da tarawa. Wani ya ce in sayi albam, wani ya ce in sayi abin da ake kira sitokbuk. Wanne ya fi, kuma me ya raba su? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Amsata a taƙaice ita ce ka fara da sitokbuk, ka bar maganar albam sai nan gaba. Amma bari in faɗa maka dalili, don kada ka ɗauka son raina ne kawai.

Sitokbuk littafi ne mai shafuka na kwali mai kauri. A kowane shafi an jera siraran aljihuna a kwance, daga gefe zuwa gefe, galibi tara ko goma a shafi mai girman takardar ofis. Aljihun na takarda ne mai sheƙi wadda ake ɗan hango abin da ke bayanta, ko kuma na roba garai-garai. Sai ka zura gindin kan sarkin a ciki, ya tsaya da kansa, babu liƙi, babu gam. Tsakanin shafi da shafi akwai wata takarda shara-shara da ke hana na dama da na hagu gogar juna. Ana yin sa mai shafi 16, mai 32, har mai 64, da farin kwali ko baƙi. Asalinsa kayan aikin dillalai ne, masu zuba haja yau su kwashe gobe, shi ya sa komai nasa an yi shi ne don saka da cirewa.

Albam kuwa wurin zama ne na dindindin. Iri biyu ne. Akwai wanda aka riga aka buga: kowane shafi da sunan ƙasa da shekara, da ɗan akwati ga kowane kan sarki, wani lokaci har da hotonsa, kai dai naka ka nemo ka cike gurbi. Tun 1862 wani Bafaranshe mai suna Justin Lallier ya fitar da irin wannan a Paris, shekara 22 kacal bayan Ingila ta buga kan sarkin farko a duniya a 1840. Akwai kuma mai fararen shafuka, wanda kai ne za ka tsara, ka ja layi, ka rubuta bayani da hannunka. Albam kamar jeren ɗakin amarya yake: an auna wurin kowane kwano, idan aka kawo sabo guda sai an taɓa jeren gaba ɗaya.

To kai yanzu ba ka ma san abin da ke cikin gwangwanayen nan ba. Za ka zauna ka ware na Najeriya gefe, ka jera su bisa shekara, washegari ka tsinci wasu guda biyar na 1953 a ƙasan gwangwani, dole a matsa a ba su wuri. Za ka ga guda huɗu iri ɗaya, sai daga baya ka lura launin ɗaya ya fi duhu, ko haƙoran gefensa sun fi ƙanana. Wannan aikin na kai-da-kawo yakan ɗauki watanni, kuma a sitokbuk daƙiƙa biyu ce ka ɗauke ka sauya wuri. A albam kowace sauyawa ɓamɓarewa ce da sake liƙi, kuma duk ɓamɓarewa kasada ce ga takardar da ta haura shekara sittin.

Maganar liƙin nan ita ce zuciyar al'amarin, don haka zan ɗan tsaya a kanta. Hanya biyu ce ake kafa kan sarki a albam. Ta farko ita ce hinji: 'yar mitsitsiyar takarda shara-shara mai danƙo a fuska ɗaya, a lanƙwashe. Ka ɗan jiƙa guntun ɓangaren ka manna a bayan kan sarkin daga sama, dogon ɓangaren kuma a jikin shafi. Yana da arha ƙwarai, kuma ga kan sarkin da aka riga aka yi aiki da shi, wanda hatimin gidan waya ya hau kansa aka kuma wanke danƙonsa, babu laifi. Amma waɗannan sababbin da ka ambata, kada hinji ya kusance su. Masu wannan harka suna duba bayan kan sarki kamar yadda suke duba fuskarsa. Wanda danƙonsa ke nan lafiya lau yadda ya fito daga gidan waya daban yake da wanda aka taɓa manna wa hinji, ko da tabon bai fi ƙwayar gero ba, kuma a kasuwa bambancin kuɗinsu kan yi yawa. Tabon kuma ba ya gogewa.

Hanya ta biyu ita ce kube na roba: baya baƙi ko garai-garai, gaba garai-garai, ka zura kan sarkin ciki, kuben ne ake mannawa a shafi. Kamfanoni irin su Hawid da Showgard sun yi suna a kansa. Yana kare danƙo, yana fito da kyan haƙora, sai dai tsada. Sau da yawa kuben ya fi kan sarkin da ke cikinsa kuɗi. Akwai albam da ake sayarwa da kuben a manne tun daga masana'anta, na kamfanoni irin su Leuchtturm da Lindner na Jamus ko Davo na Holan. Suna da kyau matuƙa, amma da kuɗin waje ake sayen su, ga kuɗin aikowa, ga ƙarin shafukan da ake fitarwa duk shekara ga ƙasashen da suke bugawa. Kuma yawancinsu na ƙasashen Turai ne da Amurka. Bugaggen albam na Najeriya ko Nijar ba abu ne da za ka shiga kantin littattafai a Sabon Gari ka ɗauko ba.

Akwai wani abu game da bugaggen albam da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba: shi ke gaya maka abin da za ka tara. Ɗauki albam ɗin kamfanin Stanley Gibbons na ƙasashen daular Ingila zuwa 1936. Ka buɗe shafin Arewacin Najeriya, wadda ta yi kan sarkinta na kanta daga 1900 har zuwa haɗewar 1914. A jerin akwai na fam 25 na Sarki Edward na Bakwai, na 1904, wanda a yau ake cinikinsa da dubban fam-famai. Ni da kai ba za mu cike wannan gurbin ba. Wani mutum gurbin da babu komai yana ƙara masa himma, wani kuwa kullum ya buɗe sai ransa ya ɓaci. Sannan idan kana da guda uku iri ɗaya masu hatimi daban-daban, ɗaya na Zungeru, ɗaya na Lokoja, ɗaya na Kano, bugaggen albam gurbi ɗaya ya ba ka. Alhali a ganina waɗannan hatiman su ne daɗin abin.

Wannan ya kawo ni kan ambulan. Don Allah kada ka yanke, kada ka jiƙa, kada ka ɓamɓare komai daga tsohuwar ambulan tukuna. Wasiƙar da ta taso daga Damagaram lokacin tana babban birnin Nijar, kafin a mayar da shi Yamai a 1926, ko wadda alhaji ya aiko daga Makka ta biyo ta Khartoum, darajarta a haɗe take: kan sarkin, hatimin, kwanan wata, adireshin, hanyar da ta bi. Ka raba su, ka rage mata daraja. Ga kuma haɗarin ruwa: yawancin kan sarkin zamanin Edward na Bakwai da George na Biyar da kamfanin De La Rue ya buga, da gangan aka yi su da tawada mai zuba, musamman kore da shunayya, don hana mutane wanke hatimi su sake amfani da su. Ka tsoma a ruwa, launin ya dushe ke nan. Ambulan ba ta shiga aljihun sitokbuk na yau da kullum, tana da nata littafin mai manyan aljihuna, biyu a shafi.

Kada ka ɗauka sitokbuk ba shi da aibu. Yana da shi. Idan ya suɓuce ya faɗi, ko yaro ya ɗauke shi a kife, aikin wata guda zai zube a ƙasa. Bakin aljihun yakan kama haƙorin kan sarki ya lanƙwasa shi idan ka tura da gaggawa. Babu wurin rubutu, sai dai ka yanka 'yan takardu ka rubuta shekara da lambar kataloji (littafin da ke jera kan sarkin ƙasa, kowanne da lambarsa) da fensir ka zura a farkon layi. Babban aibunsa kuwa yana jawo haɗama: ka ga wuri ya ƙare, sai ka fara ɗora wani kan wani kamar ɓawon kifi, littafin ya kumbura, ya daina rufuwa. Ga waɗanda aka yi aiki da su ana iya ɗan jure wannan. Ga masu danƙo, ɗora su kan juna neman rigima ne.

Dalili shi ne yanayinmu. Danƙon bayan tsofaffin kan sarki galibi ƙaro ne, irin wanda ake tsinka a jikin dakwara a Yobe da Borno da Jigawa da Chadi da Sudan, kuma ƙaro da danshi ba sa haɗuwa su rabu lafiya. A watan Agusta, lokacin da gishiri ke jiƙewa a kwano, kan sarki mai danƙo da aka danne zai manne da kwali ko da ɗan'uwansa ba tare da ɗigon ruwa ya taɓa shi ba. Wannan matsalar ce ta sa Saliyo ta fitar da kan sarki mai manne kansa, wanda ba a lasa, tun 1964. Bayan mannewa akwai tsatsa, wato ɗige-ɗigen nan ruwan ƙasa da ke fitowa a haƙora da bayan takarda, aikin fumfuna ne, kuma yana yaɗuwa daga wannan zuwa wancan. Idan hunturu ya shigo kuma sai abin ya juya: danƙo ya bushe ya tsattsage, kan sarki ya nannaɗe, ƙura ta shiga ko'ina. Masana adana takardu suna son danshin iska ya tsaya wajen kashi 50 cikin ɗari, mu kuwa a shekara guda muna zarce wannan nesa ta sama da ta ƙasa.

Saboda haka ko wanne ka saya, a tsaye za ka ajiye shi kamar littafi a kanta, kada a kwantar, kada a ɗora masa komai. Nesa da ƙasa saboda gara, nesa da bangon da ruwa ke duka, nesa da taga saboda rana tana cin launi, nesa da kicin da hayaƙin turaren wuta. Idan yana da gidan kwali da ake zura shi, ya fi, don ƙura. Ka sa 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi, irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi, a cikin kabad ɗin, ka riƙa sauya su. Da damina, duk bayan mako biyu ko uku, ka zaɓi ranar da gari ya bushe ka buɗe littafin ka bi shafukan ɗaya bayan ɗaya su sha iska. Kada ka ƙulle shi a leda, danshin da ke ciki ba shi da mafita. Wanda ka ga ya fara tsatsa, ware shi daban tun da wuri.

Abubuwa uku kuma ka yi nesa da su ko da kyauta aka ba ka: albam ɗin hotuna mai shafi mai danƙo da leda a sama, salatif, da gam na ofis. Duk ukun suna ratsa takarda su bar tabon mai. Haka ma leda mai laushi mai warin sabuwar roba, tana fitar da wani maiƙo da ke ɓata tawada. Yatsa ma ba abin yarda ba ne, gumi da mai suna barin shaida. Nemi matsefata ta kan sarki, mai faɗin baki marar kaifi da zane, ba irin ta cire ƙaya ba.

Ga yadda zan yi da ni ne. Zan sayi sitokbuk biyu masu kyau masu shafi 32, gara biyu matsakaita da ƙato guda mai 64 wanda nauyinsa ke karya ɗaurinsa. Ɗaya na Najeriya, ɗaya na sauran ƙasashe. Na fi son baƙin shafi don haƙora sun fi fitowa, in dai kwalin mai kyau ne wanda ba ya shafa baƙi a yatsa. Zan bar layi guda babu komai bayan kowane biyu ko uku. Zan nemi kataloji, ko tsoho ne: Stanley Gibbons ga Najeriya da Ghana da Sudan, Yvert et Tellier ga Nijar. Akwai kuma sakakkun shafuka masu aljihuna, irin su Hagner da Vario, da ake sawa a fayil mai zobe. Su ne tsaka-tsaki, don kana iya cusa sabon shafi a tsakiya ba tare da ka kwashe komai ba, kuma mutane da yawa a nan suke tsayawa har abada.

Bayan shekara guda ko biyu za ka ga inda zuciyarka ta karkata. Wataƙila Najeriya daga 1 ga Oktoba 1960 zuwa 1973 da aka koma naira da kobo, zango ne mai iyaka, mai yiwuwar kammalawa, kuma bai fi ƙarfin aljihu ba. Wannan ɓangaren shi za ka yi wa albam mai fararen shafuka, da takarda mai kauri marar asid, kube ga masu danƙo, hinji ga sauran, bayani da fensir ko tawada marar zuba a ƙarƙashin kowanne. Idan Baba ya bar wata alama ta inda ya samo wani, ko wanda ya aiko masa, rubuta ta a nan. Ragowar da 'yan biyu-biyun da za ka yi musaya da su, su ci gaba da zama a sitokbuk.