Na kwafi fayil ɗin JavaScript zuwa ɗan jigo, amma shafin bai canja ba: ina gizo ke saƙa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da shafin intanet na shagon yayana, mai sayar da shadda da atamfa da leshi a nan Gombe, kuma da WordPress aka gina shi. A fuskar farko akwai allon hotuna da ke juyawa duk bayan daƙiƙa 3, masu saye suna ta ƙorafi wai kafin hoto ya gama buɗewa a wayarsu har ya wuce. Na shiga fayil ɗin js/slider.js na jigon, wato tarin fayilolin da ke tsara kamannin shafin, na mayar da 3000 ta koma 7000, abin ya yi daidai. Da aka sabunta jigon sai gyaran ya bi ruwa. Aka ce in buɗe ɗan jigo, na buɗe, na kwafi fayil ɗin a ciki da sunansa da foldarsa iri ɗaya, na sake gyarawa, amma shiru kake ji. Alhali footer.php da na kwafa ta wannan hanya ya karɓi gyara. Me na yi ba daidai ba? Daga wani mai karatu a Jekadafari, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba ka yi kuskure ba da ka buɗe ɗan jigo, wato ƙaramin jigon da ke gadon komai daga jigon asali, wanda ake kira uwa, don a riƙa zuba gyare-gyare a cikinsa. Duk sabuntawa share foldar uwar jigo take yi ta zuba sabuwa, don haka gyaran da aka yi a cikinta ba shi da ranar kwana. Inda aka samu tangarɗa shi ne zaton da ka yi cewa duk fayil ɗin da ka kwafa zai maye gurbin na uwa. Wannan doka ba ta hau kan kowane fayil ba.

Fayilolin da ke tsara fasalin shafi, irin su header.php da footer.php da single.php, WordPress da kansa ke nemo su, kuma kullum foldar ɗa yake fara leƙawa kafin ta uwa. Shi ya sa footer.php ɗinka ya yi aiki. Fayil ɗin JavaScript kuwa ba ya nemansa. Uwar jigo ce ke miƙa masa adireshin fayil ɗin a cikin functions.php nata, ta hanyar umarnin wp_enqueue_script. To yawancin jigogi da get_template_directory_uri suke haɗa wannan adireshi, shi kuma ba ya nuna ko'ina sai foldar uwa, ko da ɗa ne ke kan aiki. Kwafinka yana nan zaune lafiya lau, babu dai wanda ya kira shi.

Akwai jigogin da suka fita daban. Tun daga WordPress 4.7, wanda ya fito a 2016, akwai get_theme_file_uri, wanda ke fara duba foldar ɗa, in bai samu ba ya koma ta uwa. Jigon Twenty Seventeen da shi yake amfani, don haka a wurinsa kwafin kaɗai ya wadatar. Twenty Twenty kuwa tsohuwar hanyar yake bi wajen fayil ɗinsa na index.js. Tunda naka bai motsa ba, alamu sun nuna jigonka irin Twenty Twenty ne, mai bin tsohuwar hanyar.

Kafin ka taɓa komai, leƙa saitunan jigon a ɗakin gudanarwa. Jigogi da yawa sun tanadi gurbin saurin juyawar hotuna a can, in akwai shi, ka huta da duk abin da za mu faɗa a ƙasa.

In babu, aikin farko shi ne gano laƙabin fayil ɗin. Kowane fayil da aka shigar ta wp_enqueue_script yana da laƙabi, kuma da shi WordPress ya san shi, ba da sunan da kake gani a folda ba. Buɗe shafin a kwamfuta, danna Ctrl da U don ganin tushen rubutunsa, sannan ka nemi kalmar slider. Za ka tarar da layin script mai ɗauke da id, misali jigo-slider-js. Cire wutsiyar -js ɗin nan, abin da ya rage shi ne laƙabin: jigo-slider. A wannan layin kuma ka lura da sunan fayil ɗin da ake ɗorawa da gaske. Sau da yawa mutum zai wuni yana gyaran slider.js, alhali slider.min.js jigon ke kira, wato kwafin da aka matse don ya yi sauƙin saukewa. Daga nan ka buɗe functions.php na uwa, ko fayilolin da ke foldar inc idan can ta ajiye, ka nemi wannan laƙabi. Ka rubuta abu uku a takarda: fayilolin da aka ce ya dogara da su, ko a ƙasan shafi ake ɗora shi, da ko akwai wp_localize_script a bayansa, wato umarnin da ke liƙa wa fayil ɗin ƙarin bayanai.

Yanzu ga ainihin maganar, wato wa ya riga wa. Functions.php na ɗa ba ya maye gurbin na uwa. Duka biyun ake ɗorawa, kuma na ɗa ne ke fara shiga. Sannan idan aka riga aka yi wa laƙabi rajista, duk wanda ya zo daga baya da wannan laƙabin WordPress ba zai karɓi adireshinsa ba, na farkon yake riƙewa. Kamar layin famfo ne: jarkar da aka fara ajiyewa ita ke da wurin. Saboda haka hanyar da muka fi amincewa da ita ita ce ka riga uwar yin rajista. Sa wannan a functions.php na ɗan jigo, ƙarƙashin layin farko mai <?php:

add_action( 'wp_enqueue_scripts', 'shago_riga_uwa', 5 );
function shago_riga_uwa() {
    wp_register_script(
        'jigo-slider',
        get_stylesheet_directory_uri() . '/js/slider.js',
        array( 'jquery' ),
        filemtime( get_stylesheet_directory() . '/js/slider.js' ),
        true
    );
}

Lambar 5 da ke layin farko ita ce matsayinka a layi. Idan ba a rubuta komai ba WordPress 10 yake bayarwa, kuma ƙaramar lamba ce ke fara wucewa. Get_stylesheet_directory_uri shi ne ke nuna foldar ɗa. A gurbin jquery, wanda laƙabin wani fayil ne na JavaScript da wasu fayiloli ke dogara da shi, ka sa ainihin abin da ka tarar a layin uwa. In biyu ne ka sa biyu, kada ka rage ko ɗaya, domin da wannan jerin ake tantance wane fayil zai riga wane sauka. True na ƙarshe yana nufin a ɗora shi a ƙasan shafi.

Ka lura ba mu ce a ɗora fayil ɗin ba, rajista kawai muka yi. Uwar ce za ta zo ta ce a ɗora jigo-slider yadda ta saba, sai dai adireshin da za a bi naka ne. Wannan yana da amfani biyu da ba ƙanana ba. Idan uwar a fuskar farko kaɗai take kiran fayil ɗin, haka zai ci gaba, ba za ka ɗora wa mai duba farashin atamfa a wani shafi nauyin da zai cinye masa data a banza ba. Na biyu, duk bayanan da uwar ke liƙa wa laƙabin ta wp_localize_script, kamar rubutun maɓallai ko adireshin da fayil ɗin ke tuntuɓa, za su liƙu a kan naka ba tare da ka sake rubuta su ba.

Hanyar da aka fi yayatawa ita ce kishiyar wannan: ka bari uwar ta gama, ka cire nata, ka sa naka. Tana aiki, kuma dole ka koma gare ta idan uwar ta yi rajistarta tun da wuri, a wata gaɓa da ta riga wp_enqueue_scripts.

add_action( 'wp_enqueue_scripts', 'shago_sauya_slider', 20 );
function shago_sauya_slider() {
    wp_dequeue_script( 'jigo-slider' );
    wp_deregister_script( 'jigo-slider' );
    wp_enqueue_script(
        'jigo-slider',
        get_stylesheet_directory_uri() . '/js/slider.js',
        array( 'jquery' ),
        '1.1',
        true
    );
}

A nan mutane suka fi faɗawa rami, kuma ramukan uku ne. Wanda ya manta da 20 ɗin nan, umarninsa zai gudana kafin na uwa, ya cire abin da ba a riga an sa ba. In kuma ya haɗa da ba nasa fayil sabon laƙabi, sai a ɗora biyun tare, hotuna su riƙa tsalle bibbiyu ko maɓalli ya buɗe ya rufe a dannawa ɗaya. Rami na biyu shi ne sauya laƙabin bayan an soke na uwa: duk wani fayil da ya dogara da tsohon laƙabi ba za a ɗora shi ba sam, ka ga wani ɓangare na shafin da ba ka taɓa ba ya mutu. Na uku shi ne mai wuyar ganewa. Wp_deregister_script yana tafiya da duk bayanan da aka liƙa wa laƙabin. In a tushen shafin ka ga wani layi mai id da ya ƙare da -js-extra, to akwai irin waɗannan bayanai, kuma sai ka kwafo layin wp_localize_script na uwa ka sa a bayan naka. In ba haka ba burauza za ta ce wani suna ba a san shi ba, allon ya tsaya cik.

Gaskiya dai, don lamba ɗaya tak, ba ma son a kwafi fayil sukutum. Daga ranar da ka kwafe shi ya daskare. Masu jigon za su gyara kurakurai a nasu, su toshe kafofin tsaro, wani lokaci su sauya sunayen sassan shafi, naka yana nan yadda ka bar shi. Wata rana a sabunta, tsohon fayil ya nemi sashen da aka sake wa suna ya rasa. In manhajar da ke juya hotunan ta yarda a sauya saitinta bayan ta tashi, kuma da yawansu sun yarda, gara ka buɗe ɗan ƙaramin fayil naka, misali js/shago.js, ka ɗora shi da sabon laƙabi, ka sa jigo-slider a jerin abin da ya dogara da shi don ya sauka bayansa, ka sauya saurin daga can. In layi ɗaya ko biyu ne ma, wp_add_inline_script zai liƙa su a bayan fayil ɗin uwa ba tare da sabon fayil ba. Idan za ka yi amfani da jQuery a ciki, ka sani a WordPress alamar $ ba ta aiki kai tsaye. Sai ka naɗe rubutunka haka:

jQuery( function ( $ ) {
    // rubutunka a nan
} );

Sai batun da ke sa mutum ya zargi kansa alhali aikinsa daidai ne: ajiyar wucin gadi. Burauza tana adana fayil ɗin da ta taɓa saukewa, sau da yawa ba ta sake nemansa muddin adireshinsa bai sauya ba. Shi ya sa WordPress ke maƙala ?ver= da lamba a ƙarshen adireshi. Filemtime da muka sa a misalin farko lokacin da aka yi wa fayil ɗin gyaran ƙarshe yake bayarwa, don haka lambar na sauyawa da kanta duk sanda ka adana, wayoyin masu saye su sauke sabon. In lambar hannu ka sa kamar 1.1, dole ka riƙa ƙara ta. Bayan haka ka share ajiyar duk wani fulogin na ƙara sauri da ke shafin, musamman masu haɗe fayilolin JavaScript wuri guda, da ta Cloudflare, sabis ɗin da ke adana kwafin shafuka don su yi saurin buɗewa, in kana amfani da shi. Ka gwada da Ctrl da F5 a kwamfuta, sannan a waya ta shafin sirri na burauza. Ka sake duba tushen shafin: adireshin slider.js ya kamata yanzu ya ratsa ta foldar ɗan jigo, kuma sau ɗaya tak ya bayyana. Danna F12 ka duba konsol, wato inda burauza ke nuna kurakurai. Jan rubutu mai 404 yana nufin sunan folda ko na fayil bai dace ba, kuma a yawancin sabobi Slider.js da slider.js ba abu ɗaya ba ne.

Functions.php fayil ne marar haƙuri, waƙafi ɗaya ya ɓata duk shafin ya ɗauke. Ka sauke kwafinsa ka ajiye kafin ka fara. Kada ka bi da rubutun ta Word, domin yakan mayar da miƙaƙƙun alamomin zance su koma lanƙwasassu, PHP kuwa ba ya gane su. Kada kuma ka kwafi functions.php na uwa gaba ɗaya ka zuba a ɗa. Tunda duka biyun ake ɗorawa, sunayen ayyuka za su maimaitu, shafin ya faɗi nan take. Don haka ne ma muka fara sunayen namu da shago_, kada su yi karo da na wani. In ta faru duk da haka, tun daga WordPress 5.2 ana aika wa mai gudanarwa imel da hanyar shiga ta gaggawa. In imel ɗin bai iso ba, shiga ma'ajiyar fayiloli ta cPanel, wato allon sarrafa sabar da shafinka ke kai, ka je wp-content/themes, ka mayar da kwafin da ka ajiye.

Game da ƙorafin masu sayenku, daƙiƙa 7 za ta rage shi, amma ka duba nauyin hotunan su ma. Hoton shadda da aka ɗauka da waya aka ɗora kai tsaye yakan kai megabait da dama, ga wanda ke Kumo ko Dukku da sabis mai rauni kuwa ko daƙiƙa 10 ba lallai ta ishe shi ba. A rage faɗin kowane hoto zuwa kamar fiksel 1200, a matse shi ya dawo ƙasa da kilobait 200, kuma kada a wuce hotuna huɗu ko biyar a allon.

In ka zaɓi riƙe kwafin fayil ɗin gaba ɗaya, rubuta ɗan bayani a samansa: lambar sigar jigon da ka kwafo daga ciki, da layin da ka sauya. Duk sanda aka sabunta uwar, ka ɗora sabon slider.js nata kusa da naka a manhajar kwatanta fayiloli irin WinMerge. In ba abin da ya bambanta sai 7000 ɗinka, ka bar shi. In sun taɓa wani wuri, ka ɗauki sabon nasu, ka sake sa lambarka a ciki, ka maye gurbin tsohon kwafin da shi.