Muryar da na turo kan hotunan tsuntsayen Nguru

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanena, na ga hotuna ukun da ka ɗauko a fadamar Nguru, da tambayarka wai dishi-dishin ya yi kyau ko kuwa ɓaci ne. Ina tuƙi ne ɗazu, shi ya sa sai yanzu.

Na farkon dai, kada ka ji haushi, bai yi ba. Ka ce a 1/125 na daƙiƙa ka sa shota, wato labulen da ke buɗewa na ɗan lokaci haske ya shiga kyamara. To nan ne matsalar, ba ka tsayar da tsuntsun ba, ba ka kuma sake shi ya gudana ba. Duk wanda ya gani cewa zai yi hannunka ya yi rawa. In tsayarwa kake so, ka hau 1/2000. In gudu kake so a gani, ka sauko 1/30 ko 1/15.

Amma na biyun nan, kai! Jan bakin da suka taso daga cikin kacalla gab da magariba. Na daɗe ina kallonsa wallahi. Ka san me ya cece shi? Busasshiyar bishiyar nan ta gefen hagu. Ta fito tar, ko motsi babu, su kuma tsuntsayen suna kwarara ta bayanta kamar hayaƙin ƙona daji. Ido ya samu wurin tsayawa, daga nan yake bin garken. Rufe bishiyar da babban yatsanka ka gani, sai hoton ya koma datti kawai. Ina jin a kan kwale-kwale ko wani kututture ka jingina kyamarar, ko? Mai gonar shinkafa dai ba zai yaba maka ba, shi da yaransa ke wuni suna kaɗa gwangwani saboda waɗannan tsuntsaye.

Sai dai ka zuƙo sama ta dama, akwai ɗigo-ɗigo baƙaƙe kusan biyar. Ba tsuntsaye ba ne, ƙura ce a kan sensa, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara. Ka matse ƙofar haske har f/22 don shota ta yi jinkiri, to a nan duk ƙurar hunturu take fitowa fili. Goge su, sannan ka nemi filtar ND, gilashin da ke rage hasken da ke shiga kyamara, ka tsaya wajen f/8, ISO (ma'aunin karɓar haske na sensa) 100.

Na ukun, balbelu farare a kan sama mai hazo, fari kan fari, fukafukan sun narke. Da ka jira sun gifta ta gaban duhun itatuwa, kana bin guda ɗaya da kyamara, ƙugunka ke juyawa ba hannu ba, da kan balbelar ya fito sarai, fukafukai na shara. Cikin hotuna hamsin wataƙila biyu za su yi, kada ka damu.

Turo min asalin fayil ɗin na biyun a matsayin dokumen, don WhatsApp ya matse shi, ina so in ga bishiyar nan da kyau.