Tambaya da Amsa: Shin Malam Snape Mutumin Kirki Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. A hutun da ya wuce na karance littattafan Harry Potter duka bakwai, kuma tun daga lokacin gardama ta ƙi ƙarewa tsakanina da yayana. Shi ya ce Snape ne gwarzon labarin, ni kuwa na ce mugu ne, marubuciyar ce kawai ta wanke shi a ƙarshe. Wa ya fi gaskiya a cikinmu?
Wata ɗaliba daga Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Wanda bai kai ƙarshen labarin ba ya tsallake wannan shafi, don zan fasa ƙwai.

Ki fara tambayar yayan naki, littafin ya karanta ko fim ya kalla? Na fi zaton fim ne. Alan Rickman, wanda ya fito a matsayin Snape a finafinai takwas daga 2001 zuwa 2011, ya ba shi kwarjini da wata murya mai sanyi wadda ta sa masu kallo suka tausaya masa. Na cikin littafi kuwa shekararsa 31 a farkon labari, ga saurin fushi ga riƙo, kuma masu fim sun zubar da da yawa daga munanan halayensa.

Hujjar yayanki tana cikin littafi na bakwai, wanda ya fito a 2007. A can aka gane cewa kisan da Snape ya yi wa Dumbledore, shugaban makarantar su Harry, a littafi na shida shiri ne tsakaninsu, cewa ya shafe shekaru yana leƙen asirin Voldemort, babban mugun labarin, da ransa a hannu, duk saboda son da yake yi wa Lily, mahaifiyar Harry, tun suna yara. Wannan jarumtaka ce, ba mai musu.

To amma ni duk sanda aka kawo mini zancen, Neville, ɗan ajin su Harry, nake tunawa. Yaron nan an azabtar da iyayensa har suka zautu, kakarsa ce ta riƙe shi. A littafi na uku aka kawo wa ɗalibai wata halitta mai rikiɗa ta koma abin da mutum ya fi tsoro a duniya. Wani ya ga ƙaton gizo-gizo. Neville, mai shekara 13, malaminsa Snape ya gani. A wannan littafin dai Snape ya sa aka ɗura wa kwaɗon da yaron yake kiwo maganin da yaron ya haɗa a aji, yana sa ran guba ce. Da kwaɗon ya tsira, sai ya rage wa gidansu na makaranta maki biyar don Hermione, abokiyar Harry, ta taimaka wa Neville. Ita ma Hermione, ranar da sihiri ya same ta haƙoranta suka yi ta tsawo har suka wuce haɓa, kallonta ya yi ya ce bai ga wani bambanci ba, ta fita tana kuka. Na koyar a makarantar sakandare shekaru kafin na kama wannan aiki, kuma na san malami irin wannan. Yara ba sa mantawa da shi ko sun yi furfura.

Masu kare shi kan ce ai basaja yake yi don kada abokan gaba su gane shi. Ban karɓa ba. Wane leƙen asiri ne ya bukaci a ci zarafin kwaɗon yaro?

Sannan soyayyar ma sai an duba ta. Shi ne ya kai wa Voldemort labarin da ya jawo aka farauci gidan su Harry. Da ya gane Lily ce abin zai shafa, ita kaɗai ya roƙa a bari, miji da jariri ko oho, har Dumbledore ya gaya masa a fuska cewa yana ƙyamarsa.

Inda zan ja miki birki shi ne batun wankewa. Snape na ƙarshe ya bambanta da na farko. Ya tsawata wa wanda ya kira Hermione da sunan wulaƙancin nan na masu raina asali, sunan da shi kansa ya jefi Lily da shi suna makaranta ya rasa ta. Ya kuma gaya wa Dumbledore cewa a 'yan shekarun nan ba ya barin kowa ya mutu sai wanda ya kasa ceta. Marubuciyar, J.K. Rowling, da kanta ta rubuta a Twitter a 2015 cewa ba za a mai da shi waliyyi ba, ba kuma za a mai da shi shaiɗan ba.

Don haka ki ce wa yayanki na ba shi jarumtaka, na hana shi kirki. Abin da har yau ya tsaya mini a wuya shi ne Harry ya raɗa wa ɗansa Albus Severus, wato sunan Dumbledore da na Snape. Da ni ce, Hagrid zan yi wa takwara, mutumin da ya ɗauko shi yana jariri daga rusasshen gida, ya kuma kawo masa kek ranar da ya cika shekara 11.