Jakada, ƙaramin jakada da zuwa da kai: amsoshin wannan mako

Wani malamin makaranta daga Zariya ya rubuto cewa yana jin gidajen rediyo suna kiran wakilin Gambiya a Abuja jakada, alhali takardun hukuma suna ba shi laƙabin da ke nufin babban kwamishina, yana kuma son sanin ko 'yan jarida ne suka yi kuskure.

Malam, ba su yi kuskure ba. Ƙasashen da ke cikin ƙungiyar Kwamanwel, wato ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, ne suke kiran wakilan da suke aika wa junansu da wannan laƙabi, amma matsayinsu da aikinsu ɗaya ne da na sauran jakadu. Gambiya kanta ta nuna haka, domin a 2013 Yahya Jammeh ya fitar da ita daga ƙungiyar, sai sunan ofishin Birtaniya da ke Banjul ya sauya, da ta koma a 2018 ƙarƙashin Adama Barrow kuma tsohon sunan ya dawo, ba tare da aikin ya canja ba. Ga Bahaushen Najeriya, kwamishina na jiha ne ko na 'yan sanda, saboda haka jakada ita ce kalmar da ba ta rikita mai sauraro. Kalmar kuwa tsohuwa ce a sarautarmu. Kafin Turawa su tilasta wa hakimai komawa gundumominsu, a birni suke zaune kusa da sarki, jakadunsu ne ke zuwa ƙauyuka su isar da umarni, su tattaro haraji, su dawo da labarin abin da suka gani. Jakadiya ma haka take, tsakanin sarki da cikin gida.

Wata malama daga Maraɗi ta tambaya ko ƙaramin jakada shi ne jakadan ƙaramar ƙasa.

A'a, Malama, ƙanƙantar ta muƙami ce. Ƙaramin jakada shi ne mai kula da biza, da fasfo, da 'yan ƙasarsa da suka shiga matsala a baƙon wuri, kamar yadda ake da irin waɗannan ofisoshi a Jidda alhali jakadu suna Riyad, kuma yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da aka ƙulla a Biyana, babban birnin Ostiriya, a 1963 ce ta tsara aikinsa. Jakadan ƙaramar ƙasa cikakken jakada ne, daidai da na Amurka ko Sin. Muƙaddashin jakada kuwa shi ne mai riƙon ofis idan ba jakada a kan kujera.

Tambaya ta uku ta fi jan hankalina. Wani ɗalibi daga Kumasi ya ce, tunda Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike, sun kuma ce zumunci a ƙafa yake, yaya ƙasar da ba ta da ƙarfin buɗe ofisoshi da yawa za ta yi?

Ɗana, karin maganar farko tana faɗin abin da ya fi ne, ba ta hana aike ba, ta biyun kuma ziyara ta nema, ba ta ce sai an gina gida a garin ɗan'uwa ba. Yarjejeniyar Biyana ta 1961 ta yarda jakada ɗaya ya wakilci ƙasarsa a ƙasashe da dama muddin waɗanda aka tura shi gare su ba su ƙi ba, sai ya zauna a babban birni ɗaya yana zagaya sauran. Liktenstain, wata ƙaramar ƙasa a Turai mai mutane kimanin 40,000, tun 1919 ta damƙa wa Suwizalan kula da muradunta a inda ba ta da ofishi. Tubalu, tsibiran tekun Fasifik masu mutane kimanin 11,000, ba ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya ba sai 2000, kuma ga irinta kujera ɗaya a hedkwatar Majalisar da ke Niyu Yok tana buɗe ƙofar ganawa da wakilan kusan dukkan ƙasashen duniya. A birnin ma Kwamanwel tana da ofishin da ƙananan ƙasashe ke rabawa don rage kuɗin haya, abin da Bahaushe zai ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da ke damuna shi ne wanda ake aikawa. Babbar ƙasa tana iya naɗa ɗan siyasa jakada don saka masa wahalar yaƙin zaɓe, ƙwararru masu yawa su rufa masa asiri. A ofishin da ma'aikatansa ba su wuce uku ko huɗu ba kuwa, mutum ɗaya ne zai halarci taro da safe, ya sa hannu a biza da rana, ya ziyarci ɗan ƙasarsa da aka tsare da yamma, sannan ya rubuta rahoto zuwa gida. Idan aka ba da irin wannan kujera don alfarma ga wanda bai iya harshen masu masaukinsa ba, bai kuma san dokokin aikin ba, babu wani na biyu a ofishin da zai gyara abin da ya ɓata.