Faratana sun lotsa kamar cokali, ƙarancin kalsiyam ne?

Tambaya: Likita, tun da na haihu wata 8 da suka wuce faratana suka yi laushi, tsakiyarsu ta lotsa har ɗigon ruwa kan zauna a ciki. Ga jiri, ga haki in na ɗan yi shara, ga kwaɗayin farar ƙasa. Mai kyamis ya ce kalsiyam ne, uwar mijina kuma ta sa ni shan malt da madara. Ina tsoron kar wata muguwar cuta ce.

Amsa: Malama, ki kwantar da hankalinki, amma ki je asibiti cikin makon nan. Farce mai lotsawa, haɗe da jiri da cin farar ƙasa, ƙarancin jini yake nunawa, irin na rashin sinadarin ƙarfe. Ba kalsiyam ba ne. A auna miki jini. In himoglobin, wato sinadarin da ke sa jini ja, ya gaza 12 ga macen da ba ta da ciki, jini ya yi ƙasa.

Farce kan tona asirin jiki. Layi a gicciye kan fito bayan doguwar jinya irin ta taifot. In kan yatsu ya kumbura kamar makaɗin ganga, huhu da zuciya muke dubawa.

To, batun malt da madara. Wallahi na gaji da shi. Kusan kullum sai an kawo mini mai jego, in ja fatar idonta in ga ciki fari fat, tafin hannu kamar takarda, miji na gefe yana ba ni labarin katon nawa ya saya. Malt sukari ne da ruwa. Madara kuwa ƙarfen da ke cikinta bai taka kara ya karya ba, kalsiyam ɗinta ma rage wa hanji zuƙar ƙarfen yake. Haka shayi in aka kora abinci da shi. Wani kuma ya ce zoɓo, wai ai ja ne kamar jini! Illar abin ita ce watannin da ake ɓatawa jini na ci gaba da tsiyaya: haila mai yawa, tsutsar ciki, gyambon ciki, basir mai jini. Wa ya bincika? Mai kyamis da ya kalli farce ya yanke hukunci? Wata sai zuciyarta ta gaji, ƙafa ta kumbura, sannan a kwaso ta da daddare ana neman wanda zai ba da jini.

In gwaji ya tabbatar, za a ba ki ƙwayar ƙarfe. Bayan gida zai yi baƙi, ba komai. Ki ci gaba da sha wata 3 bayan jinin ya dawo daidai. Ki riƙa cin hanta, nama, wake da zogale, ki bi da lemun zaƙi ko gwaiba. Mai sikila kada ta sha ƙwayar ƙarfe sai likita ya ce.

Farcen hannu milimita 3 kawai yake tsiro a wata, sai kamar wata 6 sabo zai maye tsohon. Ranar zuwa asibiti ki zo ba lalle, ina son ganin launinsa.