Amsar kawu daga Tawa: barin aikin da babba ya roƙar miki

Ɗiyata, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da innarki da ƙannenki. Mu nan Tawa sai godiyar Allah.

Saƙonki ya same ni daren Laraba ina zaune ƙofar gida bayan isha'i. Ban amsa nan take ba, don maganar ba ta tsaye ba ce. Kin ce wata 14 ke nan kina aiki a wannan ƙaramin kamfanin talla na unguwar Filato a Yamai, ku 9 ne duka, kuna shirya wa masu shaguna da gidajen abinci talla a Facebook da TikTok da rediyo. Har yau sunanki ƴar sitaj, wato ƴar koyon aiki, babu takarda ko ɗaya, kuma albashinki na wata 2 yana hannun maigidan. Yana yi muku tsawa gaban masu kawo aiki. Ƙarfe 11 na dare ya turo aiki ta WhatsApp, wanda bai amsa ba a kira sunansa a taron safe. In an yi ƙorafi ya ce, "Mu nan dangi ne, ba a lissafi tsakanin uba da ƴaƴansa." Kina tambayata, tunda aminin babanki ne ya roƙar miki aikin, kuma innarki ta ce barin aikin da babba ya samo wa yaro raini ne, ko al'adarmu ta yarda ki bari, ko ma ki nemi haƙƙinki a hukuma.

Innarki ba ta yi ƙarya ba. Haka aka tashe mu, ni da ita, a gida ɗaya. Amma ɓangaren yaro kaɗai ta faɗa miki, ta bar ɓangaren maigida, kuma a can nauyin ya fi yawa.

Ke ba ki riski gandu ba, bari in ba ki labarinsa. Lokacin da muke samari, mu da ƴan'uwanmu maza muna noma gonar kakanku tun daga shuka har girbi, ba wanda ke tambayar ladan yini. To amma me ke wuyan tsohon? Shi ke buɗe rumbu ya ciyar da kowa har wata damina. Shi ke biyan haraji na kowane namiji a gidan. Shi ke ɗinka mana kayan salla, in lokacin aure ya yi shi ke neman sadaki. Kuma akwai ranakun da ba ya taɓawa, ranakun gamana, wadda mutanen Kano ke cewa gayauna: ƴar gonar da ya yanka wa kowane ɗa, abin da ya fito cikinta naka ne, ko gyaɗa ko wake, ka sayar ka sa a aljihu. Tsohon da ya cinye ranakun gamanar ƴaƴansa, ko ya bar rumbu a rufe yara na kwana da yunwa, gandunsa watsewa yake yi, kuma gari ba ya zagin ƴaƴan. Shi ake kallo. Ka ji ana cewa wane bai iya riƙon gida ba, kuma a Adar, yankinmu na Tawa, babu abin kunyar da ya kai wannan ga magidanci.

Ni kaina na yi zaman yaron gida. Bayan yunwar 1984, wadda mutanenmu ke kira El-Buhari saboda rufe iyakar Najeriya da aka yi lokacin mulkin Janar Buhari, rumbunanmu sun ƙare ƙaf. A 1985 na bi sahun samarin Adar zuwa Abijan, aka damƙa ni hannun wani ɗan kasuwa mutumin ƙasarmu mai sayar da atamfa a Ajame. Mutum ne mai zafin baki ƙwarai. In na ninke turmi ba daidai ba, sai ya warware shi ya jefo mini a ƙirji. A cikin shagon nake kwana, bisa kwali, tsakanin dilolin kaya. Shekara 6 ban san wani abu wai shi albashi ba. Amma daminar da zazzaɓi ya kayar da ni har na daina gane mutane, da na farfaɗo a likita shi na gani zaune bakin gadon, da kwanon koko a hannu yana fifita shi da murfi. Ya rufe shago kwana 2 saboda ni. Duk wata yana aika wa kakarki kuɗin hatsi ba tare da na roƙa ba. Da shekarun suka cika ya kira mutum 3 shaida, ya ƙirga mini turame na jari, ya kama mini rumfa, ya ce, "Na yaye ka." Sadakin gwaggonki ma daga aljihunsa ya fito. Allah ya jiƙansa. Har gobe in na je Abijan gidansa nake fara sauka, ƴaƴansa kuma yaya suke ce mini.

Wannan shi ne ubangida a al'adarmu. Ya ci biyayyarka, kai kuma ka ci inuwarsa, kuma akwai ranar da zai sake ka ka tsaya da ƙafarka. Yanzu ki auna mutuminku da wannan mudun. Ranar da kika kwanta ciwo, wa ya biya magani? Kin ce kwanan da ba ki zo ba ma cire shi aka yi daga kuɗinki. Katin wayar da kike saka tallarsa da shi, daga jakarki yake fita. Kalmomin tallar da kika kwana kina tsarawa, gaban mai kaya sai ya ce shi ya ƙirƙiro. Wace rana ya sa zai yaye ki? Wata 14 ana kiran mutum ɗan koyo alhali shi ke riƙe da aikin manyan masu kawo kuɗi. Mutumin nan ya ɗauko kalmar dangi daga al'ada don ta rufe muku baki, ya ɗauko agogo da cire kuɗin makara daga aikin buro don su ɗaure muku ƙafa, sannan nauyin da ke cikin kowannensu ya ajiye shi gefe. In uba ne shi, ya yi abin da uba ke yi. In kuwa mai kamfani ne, ga takarda ga albashi a ƙarshen wata. Raina ya ɓaci da na karanta inda kika ce kin fara jin faɗuwar gaba duk lokacin da wayarki ta yi ƙara da dare, har abinci ya daina shiga. Ba don wannan aka kai ki lakkol ba.

Za a ce miki mahaƙurci mawadaci. Gaskiya ne, kuma ni ma zan ce ki yi haƙuri da faɗan da ke koya miki aiki, da gajiyar lokacin azumi da layya in talla ta yi yawa, da ƙaramin albashi a kamfanin da bai daɗe da tsayuwa ba. Riƙe gumin mutum kuwa wani abu ne daban, addini ma bai ce a yi shiru a kansa ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ba ɗan ƙwadago ladansa tun guminsa bai bushe ba. A hadisin da Buhari ya ruwaito, cikin mutum 3 da Allah ya ce shi ne abokin shari'arsu ranar alƙiyama akwai wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya gama cin aikinsa, ya hana shi lada. Anas ɗan Malik kuma ya yi wa Annabi hidima shekara 10, ya ce ko sau ɗaya bai taɓa ce masa "tir" ba. Ki karanta wa innarki waɗannan a hankali, cikin ladabi, ita mace ce mai jin maganar Allah.

Batun hukuma kuma, kada kunya ta hana ki sanin abin da yake naki. Bayan an karya darajar sefa a Janairun 1994 kasuwata ta Abijan ta durƙushe, na dawo gida na yi aikin sito shekaru masu yawa, a nan na san waɗannan abubuwa. Dokar aiki ta ƙasarmu, mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, ta sa awa 40 ne aikin mako, abin da ya hau kai kuɗinsa daban. Ma'aikaci na da hutun kwana 2 da rabi kan kowane watan da ya yi aiki. Mafi ƙarancin albashi tun farkon 2024 jika 42 ne, wato sefa 42,000. Wajibi ne mai kamfani ya rubuta sunan ma'aikacinsa a CNSS, asusun da ke biyan ma'aikata fansho, yana zuba masa kuɗi. Wannan na ƙarshen ne yara ba ku damuwa da shi, sai ranar da mutum ya kai shekara 60 ya je neman fansho a buɗe littafi a ga babu sunansa. Na ga dattawa sun yi hawaye a kan haka. In rigima ta taso, ofishin sufeton aiki, Inspection du travail, ba ɗaure mutum yake yi ba. Kiran ku biyu yake yi a zauna a nemi sulhu, sai in sulhun ya ƙi a wuce kotun ma'aikata. Kin ga ko gwamnati da abin da dattawan zaure ke farawa take farawa.

Sai dai inda nake so ki buɗe kunne da kyau shi ne yadda ake fita, don a nan ni na yi kuskuren da har yau yake ci mini rai. Aikina na farko bayan dawowata, a Yamai ne, wurin wani mai shagon kayan gini. Ƙanen kakarki ne ya kai ni da hannunsa, don abokinsa ne tun na ƙuruciya. Mutumin yana ce mini "ɗana" yana riƙe da kuɗina na wata 4. Wata safiya zuciya ta ɗebe ni, na ajiye makullai bisa tebur na hau mota sai Tawa, ban sallami kowa ba. Gaskiya tawa ce, amma na zubar da ita a hanya. Mai shagon ya riga ni zuwa wurin tsohon, ya ce yaron da ka kawo mini ya gudu, sai mun ƙirga kaya tukuna. Tsohon ya ji labarin tafiyata daga bakin wani, a kasuwar Katako, cikin mutane. Bai taɓa yi mini faɗa ba. Abin da ya ce kawai, "Da ka zo ka gaya mini." Kuɗina ban same su ba, abotarsu ta shekara da shekaru ta mutu, shi kuma har ya koma ga Allah bai sake roƙar wa wani yaron danginmu aiki ba.

To rainin da innarki ke tsoro a nan yake. Wanda ya roƙar miki aiki ya ba da fuskarsa jingina, shi ke da haƙƙin ya fara ji, kuma daga bakinki. Ki shirya ki je gidan aminin babanki, ba ta waya ba. Ki tafi da innarki ko yayanki, ranar Juma'a bayan la'asar in ya huta, ki riƙe ɗan goro ko sukari. Ki gaishe shi, ki fara da godiya, don alherin da ya yi alheri ne ko da wurin ya ɓaci. Sannan ki ce, "Baba, inda ka kai ni ga halin da nake ciki, na ce ba zan ɗaga ƙafa ba sai ka sani." Ki faɗi abin da ya faru da ranakunsa, kada ki ƙara gishiri, kada ki zagi mutumin. Sau da yawa irin waɗannan dattawa ba su san komai ba, suna can suna jin daɗi sun sama wa ɗiya aiki. Shi zai taka ya sami mai kamfanin. Mai kamfanin da ba ya jin kunyarki zai ji kunyar wanda ya yarda da shi, mai yiwuwa kuɗinki su fito ba tare da an je ko'ina ba. In ya je bai yi nasara ba, ko ya ce ki ƙara haƙuri ba tare da an sa rana ba, kin fita haƙƙinsa. Ki nemi izninsa ki wuce wurin sufeto, ba mai cewa kin yi rashin kunya.

Kafin nan ki tattara shaidarki shiru. Saƙonnin dare kada ki goge ko ɗaya. Duk kuɗin da aka taɓa turo miki ki adana takardarsa, ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta lokacin shiga da na tashi. In kin yanke shawarar tafiya ki ba da sanarwa a rubuce, ki cika kwanakin da doka ta sa, ki miƙa kwamfuta da lambobin sirrin shafukan masu talla gaban shaida, a rubuta an karɓa. Ki karɓi takardar shaidar aiki, haƙƙinki ce, kuma ita za ki nuna a gaba. Sannan ki shiga ki yi masa sallama da bakinki, ko da bai ɗago kai ba.

Abokin aikin nan da kika ce yana kwasar maganarku yana kai wa maigida, ki daina sakin baki gabansa, amma kada ki ɗauke shi abokin gaba. Shi ma albashinsa na hannu, tsoro ne ya mai da shi haka, kuma mai gidan da ke son a kawo masa gulma shi ya shuka abin. Ku sauran kuma da za ku haɗa baki ku nemi kuɗinku tare, da ya fi kowa ya yi ta kuka a ɓoye.

Abu ɗaya na hana ki, da girman da Allah ya ba ni a kanki: kada ki hau Facebook ki tona shi, ko da ba ki kama suna ba. Na san hannunki ya iya wannan aikin, shi ne sana'arki. Amma Yamai ƙaramin gari ne ga masu sana'a ɗaya, gobe wanda za ki nemi aiki wurinsa ya karanta. Kuma da kin rubuta, aminin babanki ba shi da sauran bakin shiga maganar.

Ki fara neman wani wurin tun yanzu, a hankali. Masu shagunan da suka san hannunki ba su da wuyar samu, amma kada ki ja masu kawo masa aiki kina cikin gidansa, wannan cin amana ne. In abin ya kai ki zauna wata 1 ko 2 babu aiki, kuɗin taksi da na kati na wuyana, na faɗa kuma gwaggonki ta ji.

Zan kira innarki gobe bayan azahar in yi mata bayani da kaina, don kada nauyin ya zauna a kanki ke kaɗai. In aminin babanki ya fi so ya ji daga bakin namiji, ki gaya mini ranar da kuka sa, in hau motar asuba ta Ƙonni da Doso, kafin la'asar ina Yamai in Allah ya yarda. Ki gaida ƙannenki. Gwaggonki na gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci.

Naki, kawunki.